Hancin Abdulwahid Mai Gadin Jirage

Da an sallame asuba, Abdulwahid zai kamo hanya daga Kurayyat zuwa Abhur, can filin da masu hali ke jibge jiragen ruwansu na shaƙatawa idan shita, wato lokacin sanyi, ta shigo. Sanyin Jidda ba ya kashe kowa, amma laimarsa muguwa ce. Jirgin da aka lulluɓe da tamfol aka manta, kafin bazara funfuna ta cinye katifunsa.

Zai ɗage tamfol, ya buɗe tagogi, ya jingine matasai a rana, ya canza gawayi da gishirin da yake ɗaurewa a tsofaffin safa su tsotse danshi. Kafin duk wannan, sai ya zura kai cikin ɗakin jirgi ya ja numfashi mai tsawo. Da hanci yake aiki. Yakan ji funfuna tun ido bai gan ta ba. Shi ya sa bai taɓa yarda da takunkumi ba.

Mu direbobin Abhur mun sha tsokanarsa. Abokinmu Badr yakan ce, "Ya ammi, baffana, yau me jirgin Hajiya Dalal ya ce maka?" Shi kuma ya ce, "Ya ce motarka ta fi shi wari. Yalla, matsa."

Masu jiragen sukan dawo su tarar da komai fes, su zuba kifi da ƙanƙara su yi gaba. Da yawansu ko sunansa ba su sani ba.

Abin da ya hana ya zauna a katifun mutane, ashe a ƙirjinsa ya tare. Bana likita ya ce halas, shi ke nan, in ya sake shiga jirgi a rufe, ba lallai ya fito da ƙafarsa ba. Matarsa Jawahir ta ɓoye masa makullan filin. Da na je dubiya ta ce min, "Yaya, ka yi masa magana. Jiya na kama shi yana shinshina labulena."

Kai ne, Abdulwahid, mai riƙon abin da ba naka ba kamar naka. Ka yi furfura cikin jirage, ba a taɓa cewa zo mu zaga teku ba. Allah Ya saka maka, Ya sassauta maka numfashi.

Ku da za ku gaje shi, ku ɗauki amanarsa, amma ku rufe hancinku. Mu kuma da muka san gidan, mu je yanzu, tun yana iya amsa sallama ba tare da tari ya katse shi ba.