Atishawa Uku a Ƙafata ta Hagu

Hannuna fa ta kama! Ku ji min wannan abu. An ce maka mutum yana fama da mura, ka taso takanas tun daga Unguwar Kanawa har Rigasa ka zo dubiya, ai goshi ake taɓawa a ji ko da zazzaɓi, ko ba haka ba? Amma Hajiya tana zama a bakin katifata sai ta jawo hannuna na dama, ta juya shi, ta baje yatsun kamar mai zaɓen kuɓewa a kasuwa. Nan take na san zuwan nan akwai magana a cikinsa.

Ku yi haƙuri, na faro muku daga tsakiya. Haka nake idan zance ya cika min ciki.

Ni mai ƙunshi ce. Kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, a waya na koya. In kalli bidiyo, in tsayar, in mayar baya, in sake kallo har caji ya ƙare. Na fara a bayan kwali, na koma bayan faranti, na koma kwalba don hannuna ya saba da abu mai lanƙwasa, daga nan na addabi Ummata har ta ce in na sake tunkaro ta da ledar lalle sai ta haɗa ni da Babanmu. Wallahi ina son aikin nan. Ka matsa leda a hankali, siririn layi ya fito kamar zare, ka juya shi ya zama ganye, ganye ya zama fure. Ba abin da ya kai shi daɗi a wurina.

Hajiya ita ce mai shagon da nake aiki, shagon ƙunshi da gyaran jiki a Unguwar Kanawa. Yawancin masu zuwa matan ma'aikatan gwamnati ne da 'ya'yansu, mutane masu son abu tsaf. A shagon akwai tsari: sabuwar ma'aikaciya ƙawayen amarya take yi wa, ita amarya kuwa sai Anti, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin. Wata takwas na yi ina zana hannayen ƙawaye. Rannan kawai Hajiya ta ce, “'Yar Rigasa, amaryar ranar Alhamis taki ce.” Haka take kirana. Na kalli Anti, Anti ta kalli bango.

Ranar Litinin da yamma ruwa ya tare ni a hanyar komawa gida. Damina ce, keken da na shiga kuma labulensa ya yage, duk ruwan a kaina ya ƙare. Talata na tashi hanci a toshe, kai kamar an ɗora min turmi, ga atishawa ba ƙaƙƙautawa.

Umma ta ce, “Tashi ki shirya mana. Mura ai ba ciwo ba ce. Ki shafa man zafi, ki ɗaura takunkumi, ki tafi.”

Na ce, “Umma, kin san yadda ake ƙunshi kuwa? Awa uku kaina a sunkuye a kan hannun mutum. Hannuna ɗaya yana riƙe da nata, ɗaya yana riƙe da leda. Da wanne zan share hanci?”

“To ki zauna. Amma kin san halin uwar ɗakin naki.”

Na sani, ai shi ne abin da ya hana ni sukuni. Kafin in zo shagon an yi wata yarinya da ta bugo waya ta ce zazzaɓi ya kwantar da ita, ashe tana Kawo tana yi wa wata ƙunshi a gida, matar kuma tsohuwar mai zuwa shagon ce. Hajiya ta sallame ta. Tun daga ranar, a shagon nan kalmar “ba ni da lafiya” ta zama abin tuhuma. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Shi ya sa kowa yake lallaɓowa da ciwonsa. Na sha ganin Anti tana tari a kan hannun mutane, su kau da kai, su yi shiru don kunya.

To ni ga lissafin da na yi. In na je Talata da Laraba, zan shafa wa mutane murar, in ƙara wa kaina, Alhamis ta zo ina nan jiya i yau. In na kwanta kwana biyu, wataƙila in miƙe garau in yi amaryata. Sai na buga wa Hajiya waya na gaya mata. Ta ce, “To. Allah ya sawwaƙe.” Ta kashe.

Wannan “to” ɗin na wuni ina juya shi. Akwai “to” na tausayi, akwai “to” na za mu gani. Nata na biyun ne.

Ga wani ƙarin tsautsayi. A wannan makon ake biki a layinmu, gida biyu tsakaninmu da gidan. Sun nemi in yi wa amaryarsu ƙunshi na ce a'a, ina da aiki. Amma bakina da ba ya riƙe zance, tun makon da ya wuce na ba da labarin bikin a shago, a gaban Anti.

Talata na kwanta. Laraba da hantsi na ɗan ji dama, sai zuciyata ta koma kan zanen da na shirya wa amarya. Ni na ƙirƙiro shi, reshe ne da yake hawa a karkace, furanni ƙanana suna bin sa, ban taɓa gwada shi a fatar mutum ba sai a takarda. Zaman banza kuma ba na iya shi. Na kwaɓa baƙin lalle kaɗan, na naɗa leda, na miƙe ƙafata ta hagu a kan tabarma, na duƙufa. Ina yi ina atishawa, ina yi ina jan hanci. Ko kaɗan ban tuna da yatsuna ba. Duk mai ƙunshi ta san wannan: bakin ledar da babban yatsa da manuni ake share shi, baƙin lalle kuma in ya kama sai ya yi kwanaki. Yatsun mai ƙunshi ba sa ɓoye ranar da ta yi aiki.

Bayan la'asar Umma ta haɗa min sirace, na lulluɓa da zane a kan tukunya, na yi gumi sharkaf. Hancina ya buɗe, muryata ta washe, karo na farko cikin kwana biyu. Ban fi minti goma da kwanciya ba sai ga sallama a tsakar gida. Hajiya ce, da kular abinci da ledar lemo, Anti tana biye da ita.

“Sannu 'yar Rigasa. Ya jikin?”

“Da sauƙi, Hajiya.” Me zan ce? Ko mutum yana ganin lahira ai da sauƙi yake cewa.

Anti ta ce, “Ikon Allah. Hajiya, ji muryar tas! Murar nan akwai ladabi, tana jin sallamarmu ta ba mu wuri.”

Na ce, “Sirace na yi yanzun nan, Anti.”

“Ai ban ce komai ba, ƙanwata.”

Daidai lokacin kuma masu biki suka saki kiɗa, har langa-langar ɗakinmu tana amsawa. Anti ta karkata kai.

“Af, ashe yau ne bikin layin naku? Wa ya yi wa amaryar ƙunshi?”

“Ban sani ba.”

“Kina maƙwabciya, kina mai ƙunshi, ba ki sani ba?”

Nan ne fa Hajiya ta kama hannuna. Ta kalli babban yatsa, ta kalli manuni, baƙi wuluk, sabo fil. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ita ba ta faɗa, abin da ya sa ake tsoronta ke nan. Ta ce, “Ran Litinin da kika tashi daga shago, jan lalle kika yi wa mutane. Wannan baƙi ne. Kuma bai kwana ba.”

Umma da take tsaye bakin ƙofa ta ce, “Hajiya, wallahi yarinyar nan ko zaure ba ta leƙa ba tun shekaranjiya.”

“Mama, ni fa dubiya na zo.”

Dubiya! Na ga amaryata tana tafiya, na ga kujerata a shago tana tafiya, na ga ana ba da labarina yadda ake ba da na yarinyar Kawo. Rantsuwa ba za ta yi amfani ba, waccan ma an ce ta rantse. Sai kawai na yaye zanen da na rufa da shi, na miƙo ƙafata.

“Ga inda na yi aikin, Hajiya.”

Ta ciro tabarau daga jaka ta saka. Ta ɗora ƙafar a cinyarta, ni kunya kamar in nutse, ta juya ta nan, ta juya ta can. Ta daɗe tana kallo. Ta ce wa Anti, “Duba, furannin duk ita suke kallo. In wata ce ta zauna gabanta ta zana, da waje za su kalla. Ita ta yi wa kanta.”

Anti ta ce, “Ai mutum zai iya yi wa kansa ya kuma yi wa wani.”

Hajiya ta sa farce a wani wuri kusa da idon sawu, inda reshen ya taho sumul sai ya yi tsalle gefe.

“Nan me ya faru?”

“Atishawa, Hajiya.”

“Nan fa?”

“Ita ce.”

“Nan kuma, da furen ya zama kamar ƙudan da aka take?”

“Wannan ta zo min ba shiri.”

Sai ta yi dariya. Tun da ta shigo sai lokacin na ga haƙoranta. Ta ce, “Wata takwas ina kallon hannunki, ban taɓa ganin layinki ya kauce ba. Kuma na san ki da son a yaba, ko don ki cuce ni ba za ki ɓata zanenki da gangan ba. Murar gaske ce.”

Na sauke ajiyar zuciya. Ashe da sauran magana.

“To 'yar Rigasa, da a hannun 'yar mutane aka yi tsallen nan uku fa? Baƙin lalle ne, ba a gogewa. Gobe ne fa. Za ki iya ce min gobe ba za ki yi atishawa ba?”

Na buɗe baki in ce zan iya. Wallahi kamar jira take, atishawa ta kufce min a gabansu, hancin ya koma ya toshe. Umma ta ce, “Alhamdu lillahi dai.” Anti ta ja mayafi ta rufe hancinta, ita da take tari a kan mutane.

Hajiya ta ce Anti ce za ta yi amarya, ni in kwanta har Litinin. Kafin ta tashi ta ciro waya ta ɗauki ƙafata hoto, har sau biyu. Na ce na mene ne? Ta ce, “Zanen ya yi kyau ne.”

Da suka tafi na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya wanke ni shi ne ya raba ni da amaryata. Umma ta buɗe kular, farfesun kaza ne, ya ji citta da masoro, da zafinsa. Ina ci ina hawaye ina tunani: wanda ya zo kama ɓarawo zai tsaya ya yi farfesu? Ko kuwa farfesun ne kuɗin shiga?

Ranar Asabar ina duba waya sai ga hoton hannun amarya an saka. Reshe a karkace, ƙananan furanni suna bin sa. Zanena! Babu tsalle ko ɗaya, amma furannin sun yi ƙiba, don Anti hannunta da nauyi, wannan kowa ya sani.

Litinin na koma shago garau. Na daure na tambayi Hajiya. Ta ce, “Na nuna wa amarya hoton, ta ce shi take so. Na gaya mata zanen wata yarinyata ce da mura ta kwantar.” Ta faɗa ɗin? Ba ta faɗa ba? Ba na wurin. Anti dai har yau ba ta ce min uffan a kai ba, ni ma ban ce mata ba. Wani lokaci in ce ita ta zuga Hajiya suka zo, wani lokaci in tuna ai ni na kai labarin bikin da bakina. An ce zato zunubi, to ni kam na kwashi nawa a makon nan.

Kujerata dai tana nan. Bayan sati uku Hajiya ta ba ni wata amarya daga Katabu, na yi mata tun daga yatsu har gwiwar hannu, layi bai kauce ba ko sau ɗaya. Amma har yanzu duk safiya in na gaishe ta, sai na ga idonta ya sauka kan yatsuna kafin ya hau fuskata. Ko ni ce na tsargu nake ganin haka, oho.

In mura ta sake kama ni, zama zan yi a gida, wannan na yanke. Sai dai zan ba Umma ledar lallen ta kulle a akwatinta.

Ku fa, ya ake yi a wurin aikinku? In kun ce mura ce ana yarda, ko sai an aiko a gani? Akwai wanda aka taɓa zuwa dubiyarsa ya rasa gane gaisuwa aka zo ko bincike? Don Allah ku ba ni labari, kuma ku gaya min gaskiya: farfesun nan na Hajiya, ku a wane gefe za ku ajiye shi?