Tsarabar Wiesia

A wani kanti nan Chicago, wata dattijuwa 'yar Poland irina tana tura keken kaya cike da tsarabar gida: cakulan, wandunan jins, takalman jikoki. Hannayenta duk sun tsattsage. Da gani ta shekara ashirin tana goge gidajen mutane.

Ta ɗauki burushin wanke masai, ta miƙa wa mai kanti.

"'Yata, naɗe min da takarda mai ƙyalli. Na matar yayana ne, Wiesia, wadda ta bi ƙauye tana shelar masai nake wankewa a Amurka. Ranar Kirsimeti gaban kowa za ta buɗe."

Ni ma ina da irin su Wiesia cikin dangin mijina a can Poland. Na koma na ɗauko biyu.