Sallama a Ƙofar Motar Yaya Lawal

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawal. Kafin ranar, abu biyu na ɗauka tabbas ne. Na farko, AC da ta yi aiki lafiya a bangon ɗaki za ta yi aiki lafiya duk inda aka kafa ta. Na biyu, wanda ka yi wa sallama bai amsa ba hutawa yake yi, kuma ladabi shi ne ka juya.

Yaya Lawal yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena a Port Saeed, can ƙasar Larabawa, yana kwana a unguwar Al Warsan, a ɗakin da ko tari ka yi sai wani ya ce maka sannu. Shi kuwa mutum ne mai son kaɗaici. Da ya samu wata tsohuwar bas sai ya cire kujerun, ya shimfiɗa katifa da darduma, ta zama ɗakinsa na ƙarshen mako. Bai nemi na'urar sanyi da ake ƙerawa don irin waɗannan motoci ba, ta gida ya saya. Aka kafa rabinta a ciki, rabi a baya kusa da ƙaramin janareta, aka huda jikin motar don bututu, aka cushe gefen hudar da soso da gam.

Ranar da ya nuna mini, na tsaya ina duban bututun. Ya yi dariya ya ce, "Farfesa, shigo ka sha sanyi. Wannan ba sai da digiri ba. Yalla, taho!" Na shiga, sanyi ya ratsa ni, na yaba aikin da zuciya ɗaya.

Wata Juma'a ta tsananin zafi muka tafi garin Hatta a motar tasa tare da amininsa, Alhaji Ɗanjuma. Bayan masallaci muka ci abinci, Yaya ya shiga motar don ƙailula, ya rufe tagogi, mu kuma muka zauna a inuwa. Da La'asar ta yi muka je ƙofar. Alhaji ya yi sallama, ya sake, ya kuma sakewa. Janareta na ƙugi, AC na aiki.

"Ƙyale shi," in ji Alhaji. "Bawan Allahn nan duk makon nan bai runtsa ba. In ya tashi ya rama."

Muka yi sallarmu. Sai da rana ta yi sanyi muka buɗe ƙofar, ba a ma kulle take ba. Yana kwance a gefen damansa, hularsa a ninke kusa da kansa.

Daga baya aka yi mana bayani. An ƙera na'urar ne don bangon da ba ya motsi. Girgizar hanya ta sassauta bututun sannu a hankali, abin da aka toshe hudar da shi ya tsage, hayaƙin janareta ya samu hanya. AC ta gida ba ta jawo sabuwar iska, ta ciki take juyawa. Ta sanyaya masa gubar, ta yi ta mayar masa.

Na sha tambayar kaina ko buɗe ƙofar da La'asar zai canja wani abu. Likitan da na tambaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yarda da wannan. Amma tarbiyyar da ta hana ƙane faɗa wa yayansa ɗaki ita ce ta tsayar da mu a bakin ƙofa, kuma har yau ban iya kiranta kuskure ba.

Yanzu irin motocin nan sun yawaita a hanyar Hatta, wasu da AC ta gida a maƙale a baya tana rawa a kowace gargada. Da Yaya yana nan, ina jin da fari zai yi alfahari cewa ya riga su. Ban san ko zai saurari gargaɗi ba. Mutum ne da ba ya son a sa masa ido, ko don alherinsa.

Abin da ya rage nasa a wurina shi ne dardumar, da dariyar nan, da sunan Farfesa da ba mai kirana da shi yanzu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Alhaji Ɗanjuma bai sake hawa hanyar Hatta ba. Ni kuma, duk wanda ke barci a mota, babba ne ko yaro, sallama ɗaya nake yi in buɗe ƙofa.