Ɗayyabu Hama, mai ƙafafu ƙalau da ke yawo a keken guragu

Tun farkon Satumba, da an idar da sallar asuba, Ɗayyabu Hama kan fito da keken guragu daga zaurensa, ya zauna a ciki, ya kama hanyar lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu, yana murza tayoyi da hannu. Ƙafafunsa ƙalau. Inda yashi ya riƙe keken sai ya sauka ya ajiye guntun bulo, ya koma ya zauna. Masu shayi suka ce ruwan teku ya taɓa masa kai, ni ma kuwa na yi dariyata. Ashe ba don kansa yake yi ba. Madam Azara, malamar aji uku, ta dawo daga asibitin Maraɗi a keke bayan haɗarin mota, an kuma gaya mata in ba ta iya shiga aji ranar buɗe lakwal, za a ba wani ajin, ita a kai ta ofis tana jera takardu. Shekara goma sha bakwai tana riƙe da alli.

Ɗayyabu mutumin Bader Gula ne, da igiyar rijiya ya tashi. Cin rani ya kai shi Dakar yana dako a bakin teku, daga nan aka ɗauke shi aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa na masu hannu da shuni, mai ɗakuna arba'in, da ke kai masu yawon hutu tsibirai. Mutumin da ruwan tabki ke ba shi tsoro, shi ne ya yi shekara ashirin da biyu a kan teku cikin farar riga, yana cin kifi yana begen hura, yana tambayar matuƙa alƙibla kafin kowace salla. Fasinjojin yawanci tsofaffi ne, ana kawo musu abinci sau biyar a yini, suna kwance a inuwa suna kallon ruwa. Wasunsu a keke suke, jirgin kuwa lungunansa matsattsu ne, kowace ƙofa da tudun ƙarfenta na tare ruwa.

Zakiru, mutumin Tawa da ya yi girki a jirgin, shi ya ba ni labarin makon Ɗayyabu na farko. Ɗayyabu ya ga wani dattijo keke ya cije masa a bakin ɗakin cin abinci, sai ya yi abin da kowane ɗan halas na garinmu zai yi: ya sunkuce shi har da keken a gaban jama'a, ya dire shi ciki, ya tsaya jiran a sa masa albarka. "Wallahi kwana biyu tsohon ga bai sake hitowa ba," in ji Zakiru, "a ɗaki munka riƙa kai mai abinci. Kunya ta kama shi." Ɗayyabu ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri. Daga ranar kullum kafin fasinjoji su farka yakan hau keke ya zagaye jirgin, ya ji da kafaɗunsa inda darduma ta tattare, inda ake bukatar katako a kan tudun ƙofa, da yadda gadar sauka ta miƙe ko ta kwanta, tunda teku na cika yana janyewa. Zakiru ya ce akwai matar da ta zo jirgin sau shida, kuma ba ta yarda da tafiya sai an tabbatar mata Ɗayyabu yana ciki.

Bara ya ajiye aiki ya dawo Dakoro. Da maganar Madam Azara ta taso, iyayen ɗalibai, da zuciya ɗaya, suka ce za su sa maza huɗu su riƙa ɗaga ta kowace safiya su haye matakala ukun da ke ƙofar ajin. Ta ce a'a. Matar aure ce, malama ce, ba za a ɗauke ta kamar buhun hatsi a gaban ɗalibanta ba. Sai aka kira Tanimu maso, magini, ya yi gangaren da keke zai hau. Tanimu ya yi irin wanda ya saba yi a ƙofar kowane gida: siriri a tsakiyar matakala, faɗin taƙi biyu na hannu, na shigar da babur. Ya shafe shi sumul, yana ta jin daɗin aikinsa.

Ɗayyabu bai yi masa gardama ba. Ya tura masa keken ya ce, "Malam Tanimu, zamna ka hau mu gani."

"Ni da ƙahwahuna, mi zan yi cikin wanga abu?"

"Don Allah dai, zamna."

Tanimu ya zauna, ya duba, taya ɗaya ce ke samun wurin takawa. Sai ya tashi ya ɗauko guduma. Kwana tara suka yi. Sabon gangaren ya yi tsawo har ya bi jikin bango, da wurin hutawa a tsakiya, aka kuma ƙanƙare simintin don kada taya ta zame. Hanyar yashin nan ma, duk inda Ɗayyabu ya ajiye bulo, an zuba jar ƙasa an daɓe.

Ranar buɗe lakwal ina wurin. Madam Azara ta hau rabi, hannunta ya gaji, keken ya ɗan ja baya. Darektan lakwal ya zabura zai kama, Ɗayyabu ya riƙe masa hannun riga ya ce a hankali, "Malam darekta, bari sai ta kira." Ba ta kira ba. Ta numfasa, ta gyara mayafi, ta murza, ta shige. Daga ciki muka ji ta tana faɗa a kan wanda bai share allo ba, ni kuwa na juya baya ina goge ido.

Ɗayyabu na Hama, mai faɗaɗa ƙofa, kai ne ka koya mana cewa tausayi ma yana iya kunyata mutum. Kai ne ka yi wa baƙi hidima a kan ruwa shekara da shekaru ba wanda ya san sunanka a gida, ka dawo ka ba mu abin da ka koyo ba tare da ka ɗaga murya ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa kafaɗun nan lafiya.

Mu kuma, masu shago da masu zaure da masu gina masallaci, kowa ya fita ya dubi bakin ƙofarsa yau. Wataƙila akwai wanda ya yi shekara bai zo gaishe ka ba kana ta cewa girman kai ne, alhali ya zo, ya tsaya a waje, ya koma.