Na Kasa Tsayawa a Sallar Aminina

A lokacin ni magidanci ne da furfura ta fara kamawa, ina sayar da albasa a kasuwar Ose Okwodu da ke Anacha, iyalina suna can gida Arewa. Ni nake jan 'yan layinmu sallah a ɗan masallacin bayan rumfuna, kuma ba yabon kai ba, mutane suna ganin girmana. Ina da amini guda, maƙwabcin rumfata mai barkono. Kwano ɗaya muke ci tun muna samari, kullum yana tsokanata wai na fi albasata sa mutane hawaye idan na ja doguwar sura. Ya sha ce min idan ya riga ni, ni zan yi masa sallah.

Sai fitsari ya fara ba ni wahala. In tsuguna ya ƙi fita, in miƙe ya biyo ni. In yi alwala, kafin in kai sahu na ji ɗigo a wando. Wa zan faɗa wa? Na fara ƙirƙiro uzuri, yau gwiwa, gobe mota ta iso da kaya, har na daina zuwa jam'i gaba ɗaya. Na daina zama cin abinci da aminina don tsoron kada ya ji zarni. Aka fara cewa na yi kuɗi na fi ƙarfin mutane, wasu suka ce aƙida na canza. Ina jin kiran sallah daga ɗakina, in zauna ni kaɗai kamar baƙon da ya sauka jiya.

Na nemi magani, amma neman wauta. Na sha jiƙe-jiƙen masu maganin sanyi har cikina ya gaji. Da na ce zan ga likita, ba ƙwararre na nema ba, wanda ba zan haɗu da Bahaushe a wurinsa ba nake nema. Na hau okada, wato acaɓa, zuwa wani ƙaramin asibiti a can ƙarshen gari. Turancina na ciniki ne, na iya kuɗin buhu, ban iya sunan jikina ba. Ga wata ma'aikaciya sa'ar 'yata tsaye a kaina. Da aka tambaye ni, sai na dafa ciki na ce nan ne ke ciwo. Aka ba ni maganin gyambon ciki, na yi ta sha da bismilla, alhali na san ƙarya na yi.

Ana cikin haka aminina ya kwanta ciwo. Ya aiko a kira ni, na je na tsaya daga bakin ƙofa na gaishe shi na juya. Ranar da ya rasu aka zo nemana in ja sallah kamar yadda ya yi wasiyya. Na yi alwala, ta ɓaci. Na sake, ta ɓaci. Na rufe ƙofa na ƙi buɗewa har suka gaji da bugawa. Ta taga na ga an wuce da makara, wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Bayan sadakar bakwai babban ɗansa ya zo, magidanci ne haifaffen nan. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kira ni Baba kamar kullum, sannan ya tambaye ni laifin da mahaifinsa ya yi min, domin har ya cika yana cewa a roƙa masa gafarata. Nan bakina ya buɗe, na faɗa masa komai ina kuka. Shi ya sanar da ni cewa akwai likitan mafitsara, wanda aikinsa ke nan. Ya yi tambaya wurin waɗanda aka yi wa aiki, ya kai ni babban asibiti a Inugu, ya nemi a haɗa ni da likita namiji, ya zauna yana yi min tafinta. Likitan ya saurare ni, ya sa aka yi gwaji da hoto, ya ce wani nama ne a ƙarƙashin mafitsara da kan kumbura wa maza idan sun manyanta. Ya ce da na ƙara jinkiri da ya taɓa min ƙoda. Na sha magani, daga baya aka yi aiki, na samu sauƙi alhamdulillahi.

Abin da ya fi aikin zafi shi ne amsar wani malami da na tambaya. Ya ce mai irin wannan lalura addini ya yi masa rangwame, ya yi alwalarsa ya shiga sahu, sallarsa ta yi. Ashe ko ban ja ba, babu abin da ya hana ni tsayawa a bayan gawarsa sai ni kaina.

Don haka 'yan uwana maza, musamman mu mazauna kudu da ba iyali kusa, idan fitsari ya canza muku kada ku tsaya wurin masu jiƙo. Ku tambayi likitan mafitsara, ku zaɓi wanda zai gwada ku kafin ya rubuta magani, ku tafi da wanda ya ji Turanci, ku nuna inda ke ciwon na gaskiya. Kunya ba ta warkar da kowa. Yanzu na koma sahu, ina cin abinci a rumfata kamar da, amma rabin kwano nake sa a zuba min.