Maigari, Ruwan Kwalbarka Ya Washe

Ranar Talata, sha huɗu ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mijina, malamin kimiyya, yana zaune a kujerarsa ta bakin taga. Shekara arba'in da shida muna tare.

Ni na laƙaba maka Maigari. Mutane sun ɗauka sarauta ce, ba su san garin da ka mallaka bai cika cokali uku ba. Ka ce mini idan haske ya taɓa wannan farin gari, cinye dattin ruwa yake yi. Sai dai ɗan gata ne, ba ya motsi sai da wani ɗan yankin hasken rana da ido ba ya gani. Shekara talatin kana lallashinsa ya karɓi hasken da kowa ke gani, har ma da wanda ke gaba da launin ja a bakan gizo, mai ɗumama fata. Na ce jikokinmu ma ba su kai shi tsirfar abinci ba.

Ka tuna ranar da na zubar da shuɗin ruwan gwajinka, na cika kwalbar da ruwan famfo? Ka ɗauka garinka ne ya wanke ruwan, ka fito ba hula kana rawa a tsakar gida, maƙwabta na leƙe. Da na faɗi gaskiya, kwana biyu ba ka yi mini magana ba, amma ba ka fasa ajiye mini tsokar da ta fi laushi ba. Haka kake. Ɗalibanka sun ci a gidan nan har tukunyata ta san muryoyinsu.

Sati guda kafin ka tafi, ka kawo garin da ka sake haɗawa, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Ka zuba a kwalbar shuɗin ruwa, ka ajiye bakin taga, ka ce: "Hajiya, ki tsare mini ita, kuma ki tsare hannunki."

Ranar Alhamis, kwana biyu bayan rasuwarka, ruwan ya washe tas. Jikarmu, wadda ta gaji aikinka, ta harare ni kafin ta kai shi ɗakin gwaji. Ta dawo tana dariya da hawaye, ta ce aikin garinka ne. Maigari, wallahi wannan karon ban taɓa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka da hasken da ba ya buƙatar lallashi. 'Ya'ya, jikoki da ɗalibai, Allah Ya ba mu haƙuri. Kwalbar tana nan a wurinta, ni nake goge ta.