Zakariyya Ɗangoggo, Mai Tambayar "Akwai Na Gaba?"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Maris, 2025, cikin watan azumi, Allah Ya karɓi ran Zakariyya Manniru, wanda unguwar Dutse Alhaji ta fi sani da Ɗangoggo, bayan gajeruwar jinya. Na zauna in rubuta maka ta'aziyya, Zakariyya, sai ga ni ina dariya ni kaɗai, hawaye na zuba. Haka ka bar mu.

Mu uku ne a ɗan ofishinmu na saman shagon teloli: kai, da Jacob, da ni Iyatu. Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta. Wata rana Sista Perpetual, mai kula da ƙaramin asibitin unguwa, ta hawo da damuwarta. Iyaye mata suna manta ranar rigakafin jariransu, tana so duk Litinin saƙo ya shiga wayarsu. Bayanan yaran suna cikin wani ƙaton fayil na XML, irin wanda ake jera bayanai kowanne da alamarsa. Da an buɗe shi, tsohuwar kwamfutar asibitin sai ta sandare.

Ka yi wannan dariya taka mai girgiza kafaɗa, ka ce, "Haba Sista, wa ya taɓa ɗauko tukwanen ƙauyen Ushafa duka a kansa? Ɗaya-ɗaya ake yi."

Ka rubuta abin da mu a sana'armu muke kira laburare, wato shirin da sauran manhajoji ke dogara da shi. Aikinsa ya ɗauko bayanin yaro ɗaya, ya duba ko ranarsa ta zo, ya miƙa, ya sake shi, sannan ya tambaya ko akwai na gaba. Kwamfutar nan ba ta ƙara sandarewa ba. Tambayar kuma ta bi ka. Ko ƙosai kake raba mana a shan ruwa, har da Jacob da bai yi azumi ba, sai ka ɗaga faranti kana cewa, "Akwai na gaba?"

Ba zan manta ranar da Jacob ya ƙara ɗan gyara ba. So yake manhajar ta ƙirga yaran tukuna kafin ta aika saƙo. Ashe jerin nan sau ɗaya ake bin sa, ƙirgar ta cinye shi, da aka zo aikawa babu kowa. Ko saƙo ɗaya bai fita ba. Ba ka yi wa Jacob faɗa ba. Ka kira teloli daga ƙasa, ka jera su, ka sa suka fita ta ƙofa kana ƙirgawa. Sannan ka juyo ka ce, "To Jacob, ba wa na bakin ƙofa saƙo." Ɗaki wayam. Wayyo, mun yi dariya har cikinmu ya ƙulle! Kafin la'asar kun gyara tare, saƙo ya tafi. Ka kuma koya wa laburaren ya tsaya ya yi gargaɗi duk lokacin da aka nemi a sake bin jerin da ya ƙare.

A wurin zaman makoki Sista Perpetual ta ja ni gefe, idonta jawur. Ta ce, "Iyatu, Oga ya tafi. Yanzu wa zai tuna wa matan nan?" Wallahi na ji tsoro, domin kai ne kake leƙa kwamfutar nan duk mako, kuma yaron da rigakafi ya wuce shi, ƙyanda ba ta jiran kowa.

Da safiyar Litinin ina ɗakin matarka Rakiya, mata sun cika tabarma, sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙo mini. Saƙon asibiti ne: a kawo Abdulhakim Zakariyya rigakafinsa ranar Alhamis. Ɗanka ne, jerin ya iso kansa kamar kowane yaro. Rakiya ta rufe baki tana dariya tana kuka, ta ce, "Yaya Iyatu, kin ga mutumin nan ko? Har yanzu bai yarda cewa ba zan manta ba." Wata maƙwabciya ta ɗaga tata wayar, ita ma nata ya shigo.

Ya Allah, Ka ji ƙan Zakariyya, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa duk yaron da saƙon nan ya kai ga allura ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ga Goggo da ta raine shi, da Rakiya, da 'yan uwa na Bwari, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Ranar Alhamis ƙanwar Rakiya ta goya Abdulhakim, ni na riƙe masa ƙafa. Ya tsala ihu har titi, Zakariyya, lafiyarsa lau.